Gudun yada ƙanin wani: na sake karanta Murakami

Ni na ba shi littafin, saboda haka ba ni da bakin cewa babu ruwana. Shekarun baya kaɗan ɗan kawuna da ke zaune kusa da birnin Liyon a Faransa ya zo hutu Yamai. Ya yi ƙiba, bene ɗaya zai hau sai ka ji yana haki. Ranar da zai koma na zaro wani ɗan littafi cikin nawa na jefa masa a jaka. Na Haruki Murakami ne, marubucin nan ɗan ƙasar Japan, fassarar Faransanci da Hélène Morita ta yi, wadda ta fito a 2009 da sunan Autoportrait de l'auteur en coureur de fond. Da Japananci ya fara fitowa a 2007. Na ce masa ya karanta a cikin jirgi, ko Allah zai sa ya fara motsa jiki.

Ya karanta, ya kuma fara. Kilomita biyar a bakin kogi, daga nan goma, daga nan gudun fanfalaki cikakke. Ya shiga koyon iyo yana da shekara talatin da ɗoriya, mutumin da ko tafkin damina bai taɓa shiga ba lokacin da muke yara a Maraɗi. Ya sayi keken da kuɗinsa zai sayi babur biyu a nan. Ƙiba ta zube, hawan jini ya sauka, duk dangi muka yi ta sa albarka. Yanzu ya yi rajistar gasar Ironman ta birnin Nis. Wata uku da suka wuce matarsa ta kira ni da dare. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, ni fa ban hana shi ba. Ina so dai a faɗa mini ranar da ni ma zan yi barcin safe." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari na nemi wani kwafin littafin na zauna da shi, wannan karon da fensir a hannu, ina neman amsar tambaya ɗaya: a ina marubucin nan yake samo lokacinsa, kuma wa yake biyan kuɗin?

Bari in fara yi wa wanda bai san wasan ba bayani. Tirayatlon gasa ce da ake haɗa abu uku a jere ba hutu: iyo, tseren keke, sannan gudu. Mai dogon zango, wanda aka fi sani da Ironman, iyo ne na kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudun kilomita 42.2, duk a yini guda, kuma a mafi yawan wurare awa 17 ake ba mutum ya gama. An fara shi ranar 18 ga Fabrairu 1978 a tsibirin Oahu na Hawai, da shawarar wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai. Gordon Haller, wanda direban tasi ne a lokacin, shi ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Yinin gasar kansa ba shi ne matsalar gida ba, yini ɗaya ne kowa zai iya jurewa. Watannin da ke gabansa su ne. Akwai wani littafin atisaye da ƴan wasan ke yawan bi, Be Iron Fit na Don Fink, wanda ya tsara shiri na mako 30 a matakai uku, kuma mataki mafi tsanani yana kai mutum awa 20 a mako idan gasa ta matso.

Mu yi lissafin kasuwa. Mako awa 168 ne. Cire 56 na barci, domin wanda yake wahalar da jikinsa haka ba ya iya rage barci. Cire 40 na aiki, cire kamar 8 na zuwa da dawowa. Saura 64. A cikinsu za a ci abinci, a yi wanka, a yi salla, a yi cefane. Sai a cire 15 ko 20 na atisaye, kuma wannan lambar ƙarya take yi, don ba ta ƙirga tafiya wurin iyo, da sauya kaya, da wanke keke, da kuma awa biyun da mutum zai kwanta kamar gawa bayan ya yi awa shida a kan keke ranar Asabar. Kuma ba kowace irin awa ake cirewa ba. Na asuba ake ɗauka, lokacin shirya yara makaranta, da na Asabar da Lahadi, wato daidai awoyin da gida ya fi bukatar mutum biyu. Awa ba ta ɓacewa. In ta fita daga hannun wani, wani ne ya cike gurbin.

To me Murakami ya ce a kan wannan? Kafin in kai ga ƙorafina sai na ba littafin haƙƙinsa, domin na so shi a karatun farko kuma har yanzu ina son sa. Babi tara ne, kowane da kwanan wata da wurin da aka rubuta shi, daga watan Agusta 2005 a tsibirin Kauai zuwa Oktoba 2006 a garin Murakami na lardin Niigata (sunan garin da nasa ɗaya ne, shi ma yakan yi wasa da hakan). Igiyar da ta ɗaure su ita ce shirin gudun fanfalaki na New York na Nuwamba 2005, lokacin yana da shekara 56. Yana gudun kimanin kilomita 10 a rana, kwana shida a mako. Abin da ya raba littafin da tarin littattafan ƙarfafa gwiwa shi ne ba labarin nasara ba ne. Mutum ne da ya ga lokacinsa yana ƙaruwa shekara bayan shekara duk da bai rage ƙoƙari ba, ya yi shiri mafi kyau da zai iya, ya je New York, sakamakon bai yi masa daɗi ba, ya faɗa haka nan ba tare da neman uzuri ba. Littafin tsufa ne da ya sa takalmin gudu.

Kuma yana da ido. A 1983 ya yi gudu shi kaɗai daga Atina zuwa garin Maraton a tsakiyar zafin Girka saboda wata mujalla, kuma abin da ya riƙe daga hanyar shi ne gawar karnuka uku da kyanwowi goma sha ɗaya da motoci suka take. Wani marubucin da tarihin Girkawan dā zai cika mana kunne. A watan Yuni 1996 ya yi gudun kilomita 100 a gefen tafkin Saroma na Hokkaido cikin awa 11 da minti 42, kuma wannan babin shi ne mafi kyau a littafin, musamman abin da ya biyo baya: maimakon murna, sai wata kasala ta rufe shi, son gudun ya dushe na tsawon shekaru. Ban san wani littafin wasanni da ya yarda cewa cimma buri yana iya barin mutum fanko kamar wannan ba. Akwai kuma raha. A gasar tirayatlon ta babin ƙarshe ya shafa basilin a jiki, ya manta ya goge tabaran iyo da hannun, ya shiga teku bai ganin gabansa. Akwai wuraren da littafin ya yi sako-sako, ana ta lissafa kilomita da waƙoƙin da yake saurare, ana maimaita abin da aka riga aka faɗa. Waɗannan na yafe. Hira ce, kuma hira takan yi haka.

Yanzu ga abin da fensirina ya samo. Duk inda aka zo maganar lokaci, Murakami ma'auni ɗaya yake da shi, kuma hannu biyu ne da ma'aunin: gudu a nan, rubutu a can. A kan wannan ma'aunin yana da gaskiya ƙwarai, har ya fi masu karanta shi gaskiya. Ya ba da labarin shekarun da yake da mashayar da ake sa kiɗan jaz a Tokyo, yana aiki har tsakar dare. A watan Afrilu 1978, wata biyu kacal bayan Ironman na farko, yana kallon wasan besbol a filin Jingu tunanin rubuta ƙagaggen labari ya faɗo masa. Littattafansa biyu na farko a kan teburin kicin ya rubuta su, bayan an rufe mashaya, da ɗan abin da ya rage masa na ƙarfi. Wannan shi ne kaɗai lokacin da ya yi abin da ake kira haɗa aiki biyu, kuma hukuncin da ya yanke a kansa shi ne bai yiwuwa. Ya ce rubutun yana fitowa guntu-guntu domin lokacin guntu-guntu ne. Sai ya sayar da mashayar da ke kawo kuɗi, duk da mutane sun hana shi, ya koma rubutu zalla. Daga nan ne ya fara ƙiba, yana shan taba kara 60 a rana, sai ya fara gudu a 1982 yana da shekara 33.

Mu da muke rubutu da dare a waya bayan mun dawo daga aiki, musamman mata da sai yara sun yi barci suke samun buɗe shafi, mun san teburin kicin ɗin nan sarai. Bambancin shi ne yawancinmu ba mu da mashayar da za mu sayar.

Ka ga ke nan littafin da ake miƙa wa ma'aikaci a ce masa ga shaida cewa ana iya haɗa komai, shi kansa shaida ne cewa ba a iyawa. Murakami bai haɗa ba, ya zubar da kaya ne. Ya koma kwanciya kafin ƙarfe goma da tashi kafin biyar. Ya daina amsa gayyata. Ya faɗa ƙarara cewa dangantakarsa da mutanen da ke kusa da shi ta yi rauni, kuma ya zaɓi hakan domin masu karatunsa da bai taɓa gani ba sun fi muhimmanci a wurinsa. Ina girmama wannan furucin domin ba kowa zai yi shi ba. Amma a lura da irin mutumin da zai iya yin sa. Aikinsa ba shi da shugaban da zai duba agogo. Da safe yake rubutu awoyi kaɗan, sauran yinin nasa ne. Shi da matarsa ba su da ƴaƴa, abin da ya shafe su ne su kaɗai, na ambata ne kawai don lissafi. Ba mu ji yana zuwa zaman makoki ko suna ko jinyar wani a asibiti ba. Ɗan kawuna yana shiga aiki ƙarfe takwas, yana da yara biyu, matarsa ma tana aiki, kuma babu kaka ko ƙanwa ko ƴar aiki a gidan, kamar yadda da a nan suke za a samu.

Sai kuma na ci karo da wasu layuka da ban lura da su ba sam a karatun farko. Murakami yana yin tirayatlon, amma mai gajeren zango, irin na gasar Olamfik: iyo kilomita 1.5, keke 40, gudu 10. Ya ce yana sha'awar gwada Ironman, amma yana tsoron atisayen zai cinye lokacin da har zai taɓa ainihin aikinsa, kuma dalilin da ya sa bai ci gaba da gudun kilomita ɗari ba ke nan. Na ajiye littafin na yi dariyar da ba ta daɗi. Mutumin da ya fi kusan kowa mallakar yininsa, ba shugaba, ba yara, shi ne ya auna Ironman ya ce ya yi masa tsada. Ɗan'uwana kuwa ya karanta littafin nan sau uku, in ji shi, ya tsallake wannan wurin kamar yadda na tsallake.

Laifin mai karatu ne, za a ce. Rabi haka ne. Amma dubi dalilin da aka bayar: aiki. Ko a nan, inda marubucin ya fi nuna hankali, gida bai hau ma'auni ba. Wannan ne babban giɓin littafin a wurina.

Matarsa tana cikin littafin, sai dai kullum a gefen hoto take. Na bi na ja layi a duk inda ta fito. Ita ce wadda ta fito daga gidan ƴan kasuwa, basirarta ta taimaka mashayar ta tsaya. Ita ce wadda da ya ce a ba shi shekara biyu ya gwada rubutu, in bai yiwu ba su sake buɗe wata mashayar, ta ce to. Ita ce mai cin abin da ta ga dama ba ta ƙiba, an kawo ta ne don a kwatanta da jikinsa. Ita ta shirya masa ɗan abincin da ya ci a zangon kilomita 55 na Saroma. Ita ta samo masa malamar iyon da ta gyara masa hannu bayan ya yi shekaru yana kasa gama iyo a gasa. Duk muhimmiyar kwana da rayuwarsa ta yi, hannunta yana wurin. Amma sunanta bai fito ba, kuma ba a taɓa tsayawa an tambayi yadda ake zama da mutumin da ke kwanciya ƙarfe goma, ba ya karɓar baƙi, yake tsara tafiye-tafiyen shekara bisa kalandar tsere ba. A ƙarshen littafin ya gode wa Tess Gallagher, matar marigayi Raymond Carver, da ta ba shi izinin aron siffar sunan wani littafin mijinta, sannan ya sadaukar da aikin ga ƴan gudun da ya haɗu da su a hanya.

Na san abin da mai kare shi zai ce, kuma na faɗa wa kaina shi. Mutumin Japan ne na zamaninsa, mai kunya, kuma ɓoye iyali daga idon duniya wata irin girmamawa ce. Mu Hausawa mu ne na ƙarshe da za mu yi wa wani gorin rashin kiran sunan matarsa a bainar jama'a. Wataƙila ita ce ma ta ce kada a sa ta. Wataƙila rayuwar shirun nan ta fi yi mata daɗi fiye da shi. Duk na yarda. Ba ina tuhumar aurensu ba ne, ba ni da hurumi a nan. Littafin nake tuhuma, domin littafi yana koyar da abu ta wurin abin da ya bari a waje. Akwai babin da ya lissafa abin da marubucin ƙagaggen labari yake bukata, ya ce baiwa, da iya tattara hankali wuri ɗaya, da juriya, kuma biyun ƙarshe ana horar da su kamar tsokar ƙafa. Babi ne mai kyau, ana yawan kawo shi a bitar marubuta. Amma tattara hankali na awa huɗu yana bukatar ƙofa a rufe, kuma ƙofa ba ta zama a rufe sai da wanda yake tsaye a bayanta yana sallamar masu sallama. Mai karatu yana rufe littafin da tunanin cewa duk abin nan daga ƙarfin zuciyar mutum ɗaya ya fito.

Don in tabbatar ba Murakami kaɗai nake ɗora wa nauyi ba, na waiwayi wasu littattafai biyu na ƴan dogon zango, dukansu na 2012. Na Chrissie Wellington, A Life Without Limits, ba ya yaudarar kowa a wannan fannin. Ma'aikaciyar gwamnatin Birtaniya ce, ta ajiye aikin a farkon 2007, ta koma sansanin horo ƙarƙashin Brett Sutton, a watan Oktoba na shekarar ta ci gasar duniya ta Kona a zuwanta na farko. Ta sake ci a 2008 da 2009 da 2011, kuma ba a taɓa kayar da ita ba a gasa 13 da ta yi ta wannan zangon. Ta faɗi abin da ya ci mata, har da fama da cutar cin abinci da ta yi tun tana ƙarama. Ba ta ce ta haɗa wasa da aiki da iyali ba, domin ba ta haɗa ba. Ta bar gasa a ƙarshen 2012, ta haihu a 2015. Ɗaya bayan ɗaya ta yi su. Rubutun bai kai na Murakami daɗi ba ko kusa, amma lissafinsa a fili yake.

Na Rich Roll, Finding Ultra, shi ne ya fi kama da halin ɗan'uwana, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Lauya ne a Kalifoniya, tsohon mashayi da ya tuba, ana jajibirin cikarsa shekara 40 ya kasa hawa benen gidansa ba tare da haki ba. Ya sauya abinci, ya shiga atisaye, a 2008 ya yi Ultraman, gasar kwana uku mai kilomita 515 a Hawai. Yana da mata da yara a gida, kuma, don a yi masa adalci, matar tana da suna da murya a littafinsa. Ya faɗi yadda aikin lauya ya ja baya, kuɗi suka yi ƙaranci. To amma yadda aka gina labarin, duk wahalar da gidan ya sha ta zama tsani ce zuwa ga nasararsa, matar kuma ita ce mai cewa ci gaba a duk lokacin da ya yi shakka. Da yake ƙarshen ya yi kyau, ya shahara, sai hadarin da aka jefa iyali a ciki ya koma kamar hikima. Waɗanda suka yi irin wannan cacar suka faɗi ba sa rubuta littafi, ko sun rubuta ba mai bugawa. Namiji mai karanta Roll darasi ɗaya zai ɗauka: matar kirki ita ce mai cewa ci gaba. In tasa ta ce ta gaji, sai ta zama ita ce ba ta fahimce shi ba.

Tsakanin ukun, da za a ce in sake zaɓar wanda zan jefa a jakar wani, har yanzu Murakami zan ɗauka, amma sai na naɗe kusurwar shafin da ya ƙi Ironman. Shi ne kaɗai a cikinsu da ya san inda zai tsaya, ya kuma ɗauki gudu a matsayin bawan wani abu da ya fi shi. Kuskurensa shi ne abu ɗaya tak ya ga ya cancanci a tsaya dominsa.

Akwai wata tambaya da littattafan nan uku ba su yi ba, ni ma ban yi wa ɗan'uwana ita ba sai yanzu. Lafiya ce ta kai shi gudu, kuma ya same ta tun yana yin awa huɗu ko biyar a mako. Awa goma sha biyar ɗin da suka hau kai ba na lafiya ba ne. Na wani abu ne daban, kuma ba na raina abin. Baƙo ne a ƙasar da kullum ake tuna masa baƙo ne, yana aikin da ba a ganin ƙarshensa, ga wasan da agogo ne alƙali, ba ya duba fatar kowa ko sunansa. Na fahimci daɗin wannan. Shi ma Murakami ya yi bayanin irinsa da kyau, cewa a gudu mutum da kansa na jiya yake takara. Sai dai hanya tana da wani daɗin da ba a faɗa: a can ba yaron da ke kuka, ba takardar makaranta da za a sa wa hannu, ba maganar da aka fara jiya ba a gama ba. Wahalar hanya mai tsabta ce, tana da farko da ƙarshe, ana ba da lambar yabo. Ta gida ba ta da ko ɗaya. Mutum yana iya gudun gida alhali kowa yana yaba masa juriya, kuma marubucin da ya iya ganin gawar kyanwa goma sha ɗaya a gefen titi da ya so da ya ga wannan.

Hausawa da suka raɗa wa dogon tsere suna gudun yada ƙanin wani sun hango wani abu. Abin da sunan ke nufi shi ne marar ƙarfi a cikin ƴan tseren, wanda za a bari a hanya. Tun kiran nan na dare nake jin sunan da wata ma'ana, domin wadda aka yada a wannan tseren ba ta ma yi rajista ba.

Na kira shi ranar wata Lahadi. Ya ɗauka yana haki, ina jin ƙarar na'urar da ake kafa keke a kanta a cikin ɗaki, ana ruwa a waje shi ya sa bai fita ba. Na ce ya ɗauko littafin ya nemo wurin da marubucin ya yi maganar Ironman. Ya ce, "Yaya, ai na san littafin nan kamar tafin hannuna, babu wannan a ciki." Na faɗa masa yana nan, ya duba in ya sauka. Na kuma ce ya zauna da matarsa da takarda, su rubuta awoyin makon duka, nasa da nata, kafin ya ƙara taka keken nan. Ya yi shiru, ƙarar na'urar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Ya ce kuɗin rajista sun riga sun fita, ga masauki ya kama a Nis, saura mako goma sha ɗaya kawai, in an gama komai zai koma daidai. Na tambaye shi ko ya faɗa mata haka kafin gudun fanfalakin bara. Ya ce ya faɗa.

Bayan kwana biyu ya turo mini hoton shafin, ya ja layi a ƙarƙashin wurin da biro, bai rubuta komai ba. Matar ta ce sun yi zaman takardar. Ya bar mata safiyar Lahadi, ya mayar da dogon gudun zuwa daren Laraba bayan yara sun kwanta. Rajistar tana nan, kuma Asabar har yanzu ta keke ce.